Sunan ɗan kasuwa a intanet: ranar ƙorafi ake gina shi

A watan Satumbar 2023 wata mata mazauniyar Legas ta sayi gwangwanin tumatir mai suna Nagiko, wanda kamfanin Erisco Foods yake sarrafawa, ta ɗanɗana, ta ji zaƙinsa ya yi mata yawa. Sai ta ɗauki hoton gwangwanin ta ɗora a shafinta na Facebook, ta faɗi abin da harshenta ya ji, ta kuma nemi jin ta bakin waɗanda suka taɓa amfani da shi. Kimanin mako guda bayan haka 'yan sanda suka kama ta a Legas, aka sa ta a jirgi zuwa Abuja, aka sa ta rubuta takardar neman afuwa kafin a ba da belinta, takardar da daga baya ta ce tilasta mata aka yi. Maganar ba ta tsaya nan ba, domin an gurfanar da ita a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, shi kuma kamfanin ya shigar da ƙara yana neman diyyar naira biliyan 5.

Adalci ya sa a faɗi hujjar kamfanin. Ya ce a cikin musayar kalaman da ta biyo bayan rubutun, matar ta rubuta abin da ke nuna cewa kayansa na kashe mutane, kuma hakan ya sa wasu abokan hulɗarsa sun janye, ya yi asara mai yawa. Wannan zargi ne mai nauyi, kuma kotu ce take da hurumin tantance shi. Abin da ya shafe ni a nan shi ne ɓangaren ciniki: shin bayan duk wannan fafutuka, sunan kamfanin ya ƙaru ko ya ragu a idon mai saye? Kafin a kama matar, waɗanda suka ga rubutunta ba su wuce masu bibiyar shafinta da 'yan tsirarun da suka yaɗa shi ba. Bayan kama ta, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga maganar, ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da abin da aka yi, kafofin labarai na duniya irin su CNN suka ɗauki labarin, 'yan Najeriya da dama kuma suka yi ta kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan kamfanin. Mutanen da ba su taɓa jin sunan wannan tumatir ba sun fara jin sa ne a cikin labarin kamu da kotu. Garin neman gira an taɓa ido.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka a 2003, lokacin da mawaƙiya Barbra Streisand ta kai ƙarar wani mai ɗaukar hoto tana neman dala miliyan 50, saboda hoton gidanta yana cikin dubban hotunan gaɓar tekun Kalifoniya da ya ɗora a intanet. Kafin ƙarar sau 6 kawai aka sauke hoton, biyu daga ciki ma lauyoyinta ne suka sauke, amma a watan da ya biyo baya mutane sama da 400,000 suka shiga shafin domin su ga abin da ake son ɓoyewa. Ta kuma faɗi shari'ar. Daga baya masana hulɗa da jama'a suka riƙa kiran irin wannan al'amari da sunanta.

Ra'ayina a kan wannan batu ɗaya ne, kuma na daɗe ina riƙe da shi: ɗan kasuwa ba ya samun mutanen da za su tsaya masa a intanet sai sun ga yadda yake yi a ranar da aka kawo ƙararsa a bainar jama'a. Talla tana kawo mai saye na farko, kyawun kaya yana iya dawo da shi karo na biyu, amma abin da yake mayar da mai saye ya zama naka, har ya riƙa kare ka a inda ba ka nan, shi ne abin da ya gani da idonsa lokacin da kuka samu saɓani, ko lokacin da ka samu saɓani da waninsa yana kallo.

Kada mu ɗauka cewa wannan ciwo na manyan kamfanonin Legas ne kaɗai. Duk wanda yake sayayya a hannun masu sayar da atamfa, leshi, shadda, turaren wuta, takalma ko kayan kicin a Instagram da WhatsApp da TikTok ya san ƙaramin samfurin abin da Erisco ya yi. Ba su da ƙarfin tura 'yan sanda, to amma suna da yatsa. Mai saye zai rubuta cewa kayan da aka aiko masa ba su ne ya gani a hoto ba, kafin ƙiftawar ido an goge maganarsa, an toshe shi, sannan a wayi gari mai shagon ta cika shafinta da habaici a kan mahassada da maƙiya da waɗanda ba sa son ci gaban wani. Kalmar hassada ta zama garkuwar da ake fakewa a bayanta domin kada a duba ko mai ƙorafin yana da gaskiya. Ban ce babu mahassada ba, suna nan kuma zan zo kansu. Sai dai mutumin da ya cire kuɗinsa ya tura maka tun kafin ya ga kaya, ya biya kuɗin mota, ya jira kwana uku, da wuya a ce hassada ce ta sa shi yin duk wannan.

Ni kaina na ga fuskoki biyu na wannan al'amari a cikin shekara guda. Na sayi takalmi a hannun wani matashi da yake talla a intanet, aka kawo mini wanda ya yi mini kaɗan da lamba guda, na yi masa magana a asirce sau biyu bai amsa ba, da na rubuta a ƙarƙashin hoton takalmin sai ya toshe ni. Kuɗin ba su da yawa, na bar shi da Allah, amma duk wanda ya tambaye ni game da shi na faɗa masa abin da ya faru, kuma waɗanda suka tambaya sun fi goma.

Gab da Babbar Sallah a cikin shekarar kuma na sayi shadda a hannun wata Hajiya da take da shago a Kano tana kuma talla a Instagram. A hoto launin ya fito ruwan toka mai duhu, da aka kawo sai na tarar ya fi karkata zuwa shuɗi, ga shi kuma da tela ya auna sai ya ce yadin bai cika ba. Saboda abin da ya same ni a baya, raina a ɓace na rubuta ƙorafina a fili, ina jiran a toshe ni. Ba a yi awa guda ba ta amsa a wurin da kowa yake gani, ta ce: "Malam, ka yi haƙuri, laifin daga wajenmu yake. Yaron da ya yanka bai auna daidai ba, hoton kuma a ƙarƙashin fitilar shago aka ɗauka. Ka turo lambarka yanzu in kira ka." Ta kira, ta ba ni zaɓi tsakanin a mayar mini da kuɗina ko a canza mini, ta biya kuɗin motar zuwa da dawowa daga aljihunta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta goge rubutuna ba, ta bar shi tare da amsarta. Bayan kwana biyu ta sanar da cewa daga yanzu duk yadin da za ta tallata sai ta fito da shi rana ta ɗauki bidiyonsa, kuma za a riƙa auna shi a gaban kyamara kafin a naɗe. A ranar ta yi asarar 'yan dubbai, ni kuwa tun daga lokacin ban sake sayen yadi a wani wuri ba, haka ma iyalina da abokan aikina da dama.

Abin da wannan baiwar Allah ta yi tsohuwar hanyar kasuwancinmu ce, kafa ce kawai ta canza. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da dillalan shanun da suka kafa unguwar Sabo a Ibadan, sun gudanar da ciniki mai ɗimbin yawa a kan bashi ba tare da banki ko takardar yarjejeniya ba. Baƙo yana sauka a gidan maigida, maigidan ya ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa a kan kuɗinsa, ta yadda idan wanda ya karɓi shanu bashi ya gaza biya, maigidan ne zai san yadda zai yi ya cika. Jarinsa na gaskiya shi ne labarin da fatake suke kaiwa gida game da shi, kuma wannan labari ya fi ƙarfi idan ya ƙunshi cewa an samu matsala a hannun wane amma ya tsaya ya gyara. Bambancin da ke tsakanin jiya da yau shi ne saurin tafiyar labari da kuma daɗewarsa. A da sai ayari ya koma gida bayan watanni, kuma magana tana iya shuɗewa tare da masu faɗarta. Yau mai saye yana ɗaukar hoton hirarku a waya cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan hoto zai iya fitowa bayan shekara biyar, a daidai ranar da kake ƙoƙarin ƙulla babban ciniki.

Akwai hadisin da Imam Muslim ya ruwaito wanda nake ganin ya kamata duk mai kasuwanci a intanet ya riƙa tunawa da shi kafin ya goge ƙorafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya faɗi cewa wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. A lura cewa ba a zargi mai abincin da jiƙewar ba, domin ruwan sama ba a hannunsa yake ba. Ɓoyewar aka zarga. Shafin da aka tsince shi tsaf, aka bar yabo zalla aka share duk wani kuka, tsibin hatsi ne da aka tura jiƙaƙƙensa ƙasa. Masu saye na yanzu kuma sun waye, idan suka ga shafi mai mabiya dubu hamsin babu ko mutum ɗaya da ya taɓa cewa an yi masa jinkiri, sun san an yi shara.

Dalilin da ya sa amsa a fili take da muhimmanci shi ne, duk mai ƙorafi ɗaya da ya yi rubutu akwai ɗaruruwa a bayansa da suke karantawa ba su ce komai ba, kuma su ne ainihin waɗanda ake yi wa magana. Kowannensu tambaya ɗaya yake yi a zuciyarsa: idan na tura kuɗina aka samu kuskure, yaya wannan mutumin zai yi da ni? Babu tallar da za ta amsa masa wannan tambaya, sai abin da ya gani an yi wa wani.

Manyan kamfanonin duniya sun koyi wannan da tsada. A ranar 9 ga Afrilun 2017 jami'an tsaro suka ja wani likita a ƙasa suka fitar da shi daga jirgin kamfanin United a filin jirgin sama na Chicago, fuskarsa jina-jina, domin a sama wa ma'aikatan kamfanin kujera, fasinjoji kuma suka ɗauki bidiyo. Shugaban kamfanin na lokacin, Oscar Munoz, wanda wata mujallar masu hulɗa da jama'a ta karrama a watan da ya gabata a matsayin gwanin iya magana, ya fara da wata sanarwa mai sanyi da ta kira abin da ya faru sauya wa fasinjoji wuri, sannan ya rubuta wa ma'aikatansa wasiƙar da ta ɗora laifi a kan fasinjan. Sai da wuta ta kama sosai ya fito ya nemi afuwa ta gaskiya, kamfanin ya sasanta da likitan, ya kuma ɗaga kuɗin da ake iya ba fasinjan da ya yarda ya sauka zuwa dala 10,000. Da ya faɗi maganar ƙarshe tun da farko, da an rage kwanakin da duniya ta yi tana tsine wa kamfanin. A watan Fabrairun 2018 kuwa kamfanin KFC a Birtaniya ya sauya mai yi masa jigilar kaji zuwa kamfanin DHL, tsarin ya rikice, aka rufe ɗaruruwan shaguna daga cikin kusan 900. Kamfanin ya sayi cikakken shafi a jaridu ya sa hoton bokitinsa babu kaza a ciki, ya amsa laifi, ya gode wa ma'aikatansa, ya kuma buɗe shafin da mutum zai duba ya ga shagon da yake buɗe kusa da shi. Mutane suka yi dariya suka yafe. Kamfanin Domino's mai sayar da pizza ma a ƙarshen 2009 ya fito da tallar da ma'aikatansa suke karanta zagin da masu saye suke yi wa abincinsa, ya ce sun yi gaskiya, ya canza yadda yake haɗa shi, kuma a watanni ukun farko na 2010 cinikin shagunansa na Amurka ya ƙaru da fiye da kashi 14 cikin ɗari.

A wajenmu matsalar ba ta ƙarancin ba da haƙuri ba ce, domin "a yi haƙuri" tana bakin kowa. Matsalar ita ce an mayar da ita ƙofar rufe magana. A ce maka ka yi haƙuri, ma'ana ka ɗauki asararka ka tafi, kuma idan ka sake magana kai ne marar haƙuri. Ba da haƙurin da yake gina suna yana tafe ne da faɗin abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba, da mayar wa mutum haƙƙinsa, da nuna abin da aka canza domin kada a maimaita. Ina kuma roƙon 'yan kasuwarmu su sake duba wannan rubutu da suke maƙalawa cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suke da aibi ko waɗanda suka saɓa wa abin da aka siffanta masa. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da karantar da zaɓin mayar da kaya saboda aibi, har an kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya yarda a warware ciniki idan mai saye ya yi nadama ko da babu aibin. Wanda yake sayarwa ta hoto, inda mai saye bai taɓa kayan da hannunsa ba, shi ya fi kowa cancantar ya buɗe wannan ƙofa.

Sai kuma batun sayen yabo, wanda a ganina ya fi goge ƙorafi illa. Ana sayen mabiya na bogi domin shafi ya yi kwarjini, ana ƙirƙirar hotunan hirar WhatsApp inda wata da ba a san ta ba take cewa kayan sun canza mata rayuwa, ana kuma biyan fitattun fuskoki su rantse cewa su ma abin da suke amfani da shi ke nan alhali ranar suka fara ganin sa. Idan atamfa ce ko jaka, asarar ta kuɗi ce. Idan kuwa man shafawa ne mai sauya launin fata, ko maganin ƙiba, ko haɗin da ake sha wanda bai bi ta hannun hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ba, to ana wasa ne da ƙoda da hanta da fatar mutane. Ba laifi ba ne a biya mutum ya yi talla, sana'a ce, amma haƙƙin mai kallo ne ya san cewa talla yake kallo. Dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a 2022 ta shafi tallar intanet, a Amurka kuma hukumar kula da cinikayya ta FTC ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a watan Oktoban 2024 wadda ta haramta yabon bogi da sayen mabiya na ƙarya. Ko da babu doka, lissafin kansa ba ya fita. Mabiyin da aka saya ba ya sayen kaya, ba ya kawo ƙanwarsa, kuma ranar da rigima ta tashi ba zai buɗe baki ya ce ni na san wannan mutumin ba.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce mini, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Akwai abokan hamayya da suke buɗe shafukan ƙarya domin su ɓata sunan wani. Akwai masu saye da za su sa kaya su je biki sannan su ce a karɓa a mayar musu da kuɗi. Akwai ma waɗanda suka mayar da barazana sana'a, su ce a ba su wani abu ko su fallasa ka. Ƙaramar 'yar kasuwa da take juya jarin da bai kai naira dubu ɗari biyu ba tana iya durƙushewa saboda ƙarya ɗaya. Ban ce a zauna a naɗe hannu ba. Wanda aka yi wa ƙazafi ya fito da hujja cikin natsuwa: rasit, hoton kayan kafin a tura, lokacin da aka ba direba, ba tare da zagi ba kuma ba tare da fallasa lambar waya ko adireshin mai ƙorafin ba. Zagi da batsa za a iya gogewa, babu mai ganin laifi. Idan ƙazafin ya yi girma, kotun farar hula tana nan. Abin da nake ƙi shi ne a fara da 'yan sanda, musamman da sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, har aka yi masa gyara a 2024. A 2023, lokacin da hukumomin Taiwan da Malesiya suka ce sun gano wani sinadari mai haɗari a wani nau'in Indomie da ake yi a Indonesiya, hankalin iyaye ya tashi a nan, kuma abin da ya kwantar da shi gwajin da NAFDAC ta yi ne da bayanin cewa wanda ake yi a Najeriya ba shi da matsala. Da an bi masu yaɗa maganar da kamu, da tsoron ya ninka.

Wani abin da ake sakaci da shi shi ne wanda aka damƙa wa wayar. Alhaji zai zuba miliyoyi a shago, ya kashe kuɗi a kan talla, sannan ya miƙa shafin kasuwancinsa ga wani yaro saboda kawai ya iya latsa waya, ba tare da an koya masa magana da mutane ba, ba a kuma ba shi ikon yanke hukunci ko na naira dubu biyar ba. Yaron nan shi ne bakin kamfanin. Idan ya yi gatsali da sunan kamfanin ya yi, idan ya yi shiru kwana uku kamfanin ne ya yi shiru. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a intanet fuskar ita ce kalmomin da aka rubuta da saurin da aka rubuta su. Ya kamata mai wannan aiki ya san iyakar abin da zai iya mayarwa ba tare da ya jira maigida ba, ya kuma riƙa tattara ƙorafe-ƙorafen mako ya kai gaban masu yanke shawara, domin idan mutum goma suka ce zip ɗin jaka yana lalacewa, sun yi maka binciken da za ka biya kuɗi a yi maka.

Daga nan ne ake samun abin da ake kira jama'ar kamfani, wadda ta bambanta da taron mabiya. Rabon kati da kyautar kuɗi suna tara mutane kamar yadda hatsi yake tara kaji, da zarar an daina watsawa sai fili ya koma wayam. Jama'a kuwa su ne waɗanda suke jin suna da ta cewa. Kamfanin kayan wasan yara na Lego yana barin masoyansa su zana sabon samfuri, idan mutum 10,000 suka goyi baya sai kamfanin ya duba yiwuwar ƙera shi, idan an ƙera kuma mai zanen yana da kaso a cinikin. Mai sayar da turare a Maiduguri ko mai ɗinki a Zariya ba sa buƙatar irin wannan tsari mai girma. Ya isa a tambayi tsofaffin abokan ciniki wane ƙamshi za a dawo da shi, a fara sanar da su kafin kowa idan sabon kaya ya iso, a gaya musu gaskiya tun da wuri idan farashi zai tashi da dalilin tashinsa, a kuma girmama lambobinsu. Jefa mutum cikin zauren WhatsApp ba da izininsa ba, ko miƙa lambarsa ga wani ɗan kasuwa, cin amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta yi magana a kai.

Dole kuma a tuna cewa shafin sada zumunta rumfar haya ce a kasuwar wani. Daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, masu kasuwanci a can suka wayi gari babu rumfa har tsawon wata bakwai. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ga kuma masu kutse da suke ƙwace shafi a dare ɗaya.

Wannan na ƙarshe shi ne ya faɗa wa Hajiyar da na ba da labarinta. Wasu suka ƙwace shafinta, suka ci gaba da ɗora hotunan kayanta tare da wata lambar asusun banki, suna karɓar kuɗin mutane. Ba ta da hanyar yin magana a shafin, kuma ba ta biya kowa ya yi mata shela ba. Mu da muka taɓa saye a hannunta muka riƙa shiga ƙarƙashin kowane hoto muna gargaɗin mutane kada su tura kuɗi, ɓarayin suna gogewa muna sake rubutawa, wasu suka ɗora sanarwa a nasu shafukan, wata mata da ban sani ba ta tattara sunayen waɗanda aka riga aka cuta. Da Hajiyar ta buɗe sabon shafi, abu na farko da ta ɗora shi ne cewa duk wanda ya tura kuɗi a kwanakin nan ya kawo shaida, za ta raba asarar da shi ko da yake ba ita ta karɓa ba. A cikin masu amsa mata a ranar na ga sunan wani mutum da na tuna ya taɓa yi mata ƙorafi mai zafi a kan jinkirin kayan ɗaurin aurensa, ya rubuta cewa a turo masa sabuwar lambar asusun, yana son shadda yadi goma.